Takardar shaidar Prop 12 ta Kalifoniya: ta cancanci kuɗinta ga mai fitar da naman alade?

Duk mai kiwon aladu da ke son namansa ya shiga kantunan Kalifoniya, ko gonarsa tana Ayowa ko Kanada ko Denmak, sai ya mallaki takarda guda kafin a saurare shi: shaidar cewa uwar dabbar da aka yanka ba a cikin ƙuntataccen keji ta yi goyon ciki ba. Wannan takarda muka ɗora a sikeli. Hukuncinmu tun daga farko shi ne, tsari ne mai tsabta, mai sauƙin fahimta, wanda ya canza rayuwar uwayen aladu da gaske, amma ƙofofin kasuwa kaɗan yake buɗewa, kuma wanda ya saye shi kafin ya sami mai sayen namansa ya sa kuɗinsa a inda ba zai dawo da wuri ba.

Asalin abin doka ce da mutanen Kalifoniya suka kaɗa wa ƙuri'a a watan Nuwamba na 2018, wadda aka fi sani da Prop 12. Manyan ƙungiyoyin masu kiwon alade da na manoma na Amurka sun kai ta kotu, suna cewa jiha ɗaya ba ta da ikon tsara wa manoman wasu jihohi yadda za su yi kiwo. Ranar 11 ga Mayu, 2023 Kotun Ƙoli ta tabbatar da dokar da rinjayen alƙalai 5 a kan 4. Daga 1 ga Janairu, 2024 kuma aka daina karɓar rantsuwar manomi da bakinsa, sai shaidar wani mai bincike mai zaman kansa wanda Ma'aikatar Abinci da Noma ta jihar, CDFA, ta amince da shi. Abin da ya sa maganar ta yi nauyi shi ne, Kalifoniya na cin kusan kashi 13 cikin 100 na naman aladen da ake ci a Amurka, alhali ɗan kaɗan ne take kiwo da kanta.

Abin da ake aunawa

Sharuɗɗa biyu ne kacal. Na farko, kowace macen da aka ajiye don haihuwa, muddin ta kai wata 6 ko tana da ciki, ta sami filin da bai gaza ƙafa 24 murabba'i ba, wato murabba'in mita 2.23. Na biyu, ta iya kwanciya, ta tashi, ta miƙe ƙafafuwanta, ta juya gaba ɗaya ba tare da ta taɓa bango ko wata dabba ba. Don a gane girman canjin, kejin ƙarfen da aka saba sa masu ciki a ciki faɗinsa ƙafa 2 ne, tsawonsa ƙafa 7. Dabba mai nauyin kilo 200 ko fiye tana tsaye a ciki, hancinta na kan kwamin abinci, bayanta na gogar ƙofa, taku ɗaya gaba taku ɗaya baya, ta shafe kwana 114 na cikinta tana taunar sandar ƙarfen da ke gabanta. Wannan kejin dokar ta zo kashewa, kuma a nan ba mu da wani ƙorafi a kanta.

Akwai rangwame. An yarda a killace ta kwana 5 kafin ranar da ake sa ran haihuwarta, da duk ranakun da take shayarwa, da lokacin da likitan dabbobi ke yi mata magani, da lokacin jigila da yanka. Sai kuma killacewa ta ɗan lokaci don aikin kiwo, wadda ba za ta wuce awa 6 a cikin awa 24 ba, jimla kuma ba za ta wuce awa 24 a cikin kwana 30 ba. Wannan ƙa'idar ta awa 6 ita ce ƙashin bayan binciken, za mu dawo kanta.

Matakan samun shaidar ba su da sarƙaƙiya. Manomi ya zaɓi mai bincike daga jerin waɗanda CDFA ta amince da su, ya cike takardar nema, ya haɗa da bayanin kowane ɗaki, girmansa da adadin dabbobin da ke ciki. Sufeto ya zo gonar da ƙafarsa, ya auna da tef, ya ƙirga kawuna, ya duba littattafai. Idan ya ga gyara ya ba da takardar gargaɗi da wa'adi. Idan komai ya yi daidai a ba da shaida, a sake zuwa aƙalla sau ɗaya cikin kowane wata 12, kuma ana iya dirar wa gona ba sanarwa. Dole a adana bayanai na shekara 2. Mai rarraba naman a cikin jihar shi ma sai ya yi rajista duk shekara, kuma takardun da ke rakiyar kaya su ɗauki rubutun "Pork CA Prop 12 Compliant". Sayar da naman da bai cika sharaɗi ba laifi ne mai tarar da ta kai dala 1,000 ko ɗaurin da ya kai kwana 180.

Inda gonakin Turai ke faɗuwa

Kuskure mafi yawa a tsakanin masu fitar da nama daga Turai shi ne ɗaukar cewa tunda Tarayyar Turai ta hana kejin masu ciki tun 1 ga Janairu, 2013, to sun riga sun wuce. Ba haka ba ne, kuma gibin yana wurare huɗu.

Dokar Turai mai lamba 2008/120 ta ba uwa babba murabba'in mita 2.25, wanda ya ɗara 2.23 da ƙyar. Amma ta yarda a rage kashi 10 cikin 100 idan garken ya kai 40 ko fiye, sai filin ya koma 2.025.  Ɗakin da ke da murabba'in mita 450 yana ɗaukar uwa 222 a ƙa'idar Turai, a ƙa'idar Kalifoniya 201 ne. Guda 21 sai an nema musu wani wuri.

Gibi na biyu ya fi zafi: 'yan matan da ke ɗauke da cikin fari. Turai ta ba su 1.64 kawai. Kalifoniya ba ta bambanta babba da ƙarama ba. Guda 100 da ke zaune a murabba'in mita 164 suna buƙatar 223. Kuma tunda ƙirgar ta fara daga wata 6, har waɗanda ake reno ba a yi musu barbara ba tukuna sun shiga lissafi, ɗakin da masu gona da yawa ke mantawa da shi sai ranar da sufeto ya buɗe ƙofarsa.

Na uku, Turai ta yarda a ajiye uwa a keji daga yaye har mako 4 bayan barbara. A Kalifoniya wannan haramun ne ɗungurungum. Gonakin Birtaniya, da suka bar kejin tun 1999, da na Siwidin da suka riga su, suna da sauƙi a nan. Holan na sakin uwa cikin garke kwana 4 bayan barbara, wanda ya kusa, amma kwana 4 ya fi awa 6 nesa ba kusa ba.

Na huɗu ƙarami ne a ido, amma shi ke kayar da gonar da ta gyara komai. Turai ta yarda a kai uwa ɗakin haihuwa mako guda kafin lokaci, Kalifoniya kwana 5 ta ce. Gonar da ke kwashe masu jiran haihuwa sau ɗaya a mako, a ce duk Alhamis, za ta tarar waɗanda haihuwarsu ta faɗo ƙarshen mako mai zuwa sun zarce kwana 5 a kejin haihuwa. Maganinsa a raba kwasar gida biyu a mako, ko a yi ɗakin haihuwa mai ƙofar da ke buɗewa, a bar uwa sake har lokacin ya kai. Haka kuma ranar da aka kwashe 'ya'ya, ranar uwa za ta fita. Barin ta ta kwana a kejin don ɗakin gaba bai bushe ba saɓa doka ne.

Kwana 35 na farko

A nan kuɗi ke zubewa, don haka za mu daɗe a kai. Uwar da aka yaye wa 'ya'ya takan nemi namiji cikin kwana 4 zuwa 7. A wannan lokaci tana ramammiya saboda shayarwa, ga shi an haɗa ta da baƙin da ba ta sani ba. Aladu kuwa ba sa zama tare sai sun tantance babba da ƙarami, faɗan yakan yi tsanani a kwana ɗaya zuwa biyu na farko: cizo a wuya da kafaɗa, tunkuɗa, guje-guje. Da zafin neman namiji ya taso sai su riƙa hawan juna. Uwa mai kilo 250 ta hau ƙarama a kan daɓen siminti mai santsi, ƙafafun ta ƙasa su tale, shi ke nan an yi asarar dabba.

Bayan barbara kuma akwai wani haɗarin. Daga wajen kwana na 12 zuwa na 30 ne ɗan tayi ke manne wa mahaifa. Tashin hankali ko rashin cin abinci a wannan tsakani na sa ciki ya zube ba a sani ba, sai a ga uwa ta dawo neman namiji, ko ta haifi kaɗan. Dalilin da ya sa manoma suka riƙe kejin mako 4 ke nan, ba mugunta ce zalla ba. Wanda zai bi Prop 12 dole ya maye gurbin kejin da iya kiwo.

Abin da ke aiki shi ne a haɗa garke tun ranar yaye, faɗan ya ƙare kafin barbara, sannan kada a sake ƙara ko cire kowa har a wuce kwana 35. A ware 'yan mata da masu haihuwar fari daban da manya. Ɗakin haɗuwa ya fi ƙafa 24 nesa, Jamus ma murabba'in mita 5 ta wajabta wa kowace uwa a wannan mataki a dokar da za ta kama kowa a 2029. A sa shingen da wadda aka kora za ta ɓuya a bayansa, a zuba ciyawa ko wani abin da zai hana santsi, a cika musu ciki a ranar haɗuwa, don mai yunwa ta fi faɗa.

Wajen ciyarwa hanya biyu ce ta fi yawa. Akwai na'urar ciyarwa mai karanta alamar kunne, wadda guda ɗaya ke ɗaukar uwa 50 zuwa 60, tana ba kowace gwargwadon rabonta. Kyanta shi ne ramammiya ta sami ƙari, mai ƙiba a rage mata. Aibinta layi: masu jira a baya suna cizon al'aurar ta gaba, kuma budurwar da ba a koya wa shiga ba tun kafin barbara tana iya kwana biyu ba ta ci ba. A ba horon mako biyu, a riƙa duba jerin waɗanda ba su ci ba kowace safiya, domin alamar kunne na faɗuwa. Ɗaya hanyar ita ce keji mai ƙofar da dabba ke buɗewa da kanta, ta shiga ta ci, ta fito lokacin da ta so. Ya fi tsada a gini, amma ya fi dacewa da ɗakin barbara, tunda ana iya kulle su na ɗan lokaci a kawo namiji gabansu, a ɗura maniyyi, a buɗe.

To a nan awa 6 ke shigowa. Duk kullewa sai an rubuta: lambar ɗaki, lokacin rufewa, lokacin buɗewa, dalili, sa hannun ma'aikaci. Idan ana kulle su awa 3 da safe don gwaji da barbara, kwana 8 sun cinye awa 24 na watan, ba sauran ko minti ɗaya na wani aikin kiwo. Sufeto ya fi daɗewa a kan wannan littafin fiye da kan tef ɗinsa. Littafin da aka cike da biro ɗaya, da rubutu iri ɗaya, kowace rana 7:00 zuwa 9:00 cif, yana nuna an zauna an cike shi a dare ɗaya. Shawara ɗaya da za ta ceci gini: kafin a zuba siminti, a tura wa mai binciken zanen ɗakin, ya amsa a rubuce wane ɓangare zai ƙirga a matsayin fili mai amfani, musamman wajen kwamin abinci da gindin na'ura.

Takardar ba ta isa ita kaɗai ba

Shaidar Prop 12 ba izinin shigo da nama Amurka ba ce. Kafin ita, sai hukumar duba lafiyar nama ta tarayya, FSIS, ta amince da tsarin binciken ƙasar mai fitarwa, mayankar kuma tana cikin jerin da aka yarda da su. Sai kuma hukumar lafiyar dabbobi ta yarda cewa yankin ba shi da cututtuka irin su zazzabin aladu na Afirka. Jamus ta ga haka a Satumba na 2020: an sami cutar a jikin aladen daji guda, cikin kwanaki Sin ta rufe mata ƙofa. Babu takardar jin daɗin dabba da ke hana irin wannan.

A cikin mayanka, naman shaida ba zai haɗu da sauran ba. An yarda gona ko mayanka ta yi iri biyu, amma sai ta nuna rabuwa daga ɗakin haihuwa har kwali: alama a jikin 'ya'ya, mota daban, yanka a farkon yini kafin sauran, layin sanyaya daban, lambar kaya daban. Kuskuren da ya fi faruwa a gona shi ne ɗauke jariri daga uwa mai 'ya'ya da yawa a kai wa wata ta shayar. Idan ɗan uwar da ba ta cikin tsari ya shiga cikin na shaida, zaren ya tsinke. Kuma a lissafa lokaci: daga barbara a sabon tsari zuwa yanka, kwana 114 na ciki da kimanin wata 6 na kiwo, kusan wata 10 ke nan kafin kwalin farko ya fito.

Lissafin riba

Kuɗin sufeto shi ne mafi ƙanƙanta a cikin abin da za a kashe. Babban kuɗin gini ne, ko rage garke, da ƙarin ma'aikata, da raguwar haihuwa a shekarar farko kafin hannu ya faɗa. Wannan kuɗin yana kan dabbar gaba ɗayanta. Ƙarin farashin kuwa a kan wasu sassa kaɗai yake. Dokar ta shafi ɗanyen yanka ne: gadon baya, haƙarƙari, kafaɗa, cinya, shimfiɗar ciki da ake yin bekon da ita. Ba ta shafi niƙaƙƙen nama ba, ko dafaffe, ko wanda aka haɗa cikin wani abinci. Mai yin tsiran inji a Kalifoniya ba shi da dalilin biyan ko sisin ƙari. Kai, ƙafa, kunne da kayan ciki kuwa kasuwarsu Sin ce da maƙwabtanta, inda ake tambayar farashi, da lafiyar garke, da tabbacin ba a ba dabbar raktofamin, sinadarin ƙara tsoka, ba, ba a tambayar faɗin ɗakin uwarta.

Masana tattalin arziki na Ma'aikatar Noma ta Amurka sun gano cewa farashin sassan da dokar ta shafa ya tashi da kimanin kashi 20 cikin 100 a kantunan Kalifoniya bayan Yuli na 2023. Wannan farashin kanti ne, ba abin da ke isa hannun makiyayi ba, kuma tsada na rage ci. Sannan Amurka ba ƙasar da ke ƙarancin alade ba ce, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da take samarwa waje take kaiwa. Mai zuwa daga ƙetare yana gogayya ne da gonakin Ayowa da Minesota masu masara a bakin ƙofa, waɗanda da yawansu sun riga sun gyara ɗakunansu. Kanada, wadda ta fi kowa kai wa Amurka naman alade, tana loda ɗanye a mota ya isa cikin kwanaki. Kamfani irin duBreton na lardin Kubek a Kanada ya daɗe yana sayar da nama mai shaidar jin daɗin dabba a Amurka. Na Turai kuwa, ɗanyen nama a ledar da aka zuƙe wa iska yana yin mako 6 zuwa 7 ne idan sanyi bai motsa daga wajen digiri 1 ƙasa da sifili ba, tafiyar teku ta cinye mafi yawansa. Don haka galibi daskararre ake turawa, kuma wurin da yake da ƙarfi shi ne haƙarƙari da shimfiɗar ciki na gidajen abinci da masu sarrafawa, ba firjin kanti ba.

Tarihin Birtaniya ya isa ishara. Ta hana keji a 1999, shekara 14 kafin sauran Turai, amma ba ta hana shigo da naman keji ba. Cikin kimanin shekara goma garkenta ya ragu da kusan kashi 40 cikin 100. Ba dokar kaɗai ta jawo ba, akwai annobar cutar dabbobi ta 2000 da ta 2001 da tsadar kuɗin fam, amma darasin ya fito fili: kyautata wa dabba yana biya ne a inda mai saye ba shi da hanyar kauce masa. Manoman Denmak sun gane haka, suka ware gonaki na musamman masu kiwo a kan ƙa'idar kantunan Birtaniya, da kwangila a hannu. Ƙarfin Prop 12 shi ne ta ɗora sharaɗin a kan sayarwa, ba a kan kiwo kaɗai ba, don haka mai araha ba ya iya shigowa ta bayan gida.

Rauninta

Sunan "nama mai jin daɗi" ya fi ƙarfin wannan takarda. Dabbar da aka yanka aka ci, dokar ba ta ce komai a kanta ba: ba faɗin ɗakinta, ba ciyawa, ba yanke wutsiya, ba dandaƙa ba tare da maganin zafi ba. Kejin haihuwa ma yana nan daram. Saboda haka shaidar ba ta da daraja a kantunan da ke da nasu alamun jin daɗin dabba, kamar na Holan masu neman tauraron Beter Leven, ko na Birtaniya masu neman tambarin RSPCA Assured, ko na Jamus masu matakan Haltungsform, inda kuma manyan kantuna ke fifita dabbar da aka haifa, aka rena, aka yanka, aka sarrafa duk a cikin Jamus. Kowace kasuwa da nata sufeto da nata kuɗi. Wurin da take taimakawa bayan Kalifoniya shi ne jihar Masacusets, mai irin wannan doka tun ƙuri'ar 2016, wadda ta fara aiki a kan naman alade a Agusta na 2023.

Akwai kuma haɗarin siyasa. Shekaru ke nan ake gabatar da ƙudurori a Majalisar Amurka don hana jiha ɗora sharaɗin kiwo a kan naman wata jiha. Ginin da za a biya bashinsa cikin shekara 15 ko 20 yana tsaye ne a kan dokar da ake ta nema a rushe.

Gonar da uwayenta ke waje a fili, ko wadda ta riga ta saki garke tun daga yaye, kuma mayankarta na cikin jerin FSIS, ta nemi shaidar: gyaranta ɗakin 'yan mata ne, da ranar kai wa ɗakin haihuwa, da littafin awa 6. Gonar da ke kan ƙa'idar Turai tsantsa kada ta taɓa bango sai ta riƙe kwangilar shekaru da ta faɗi sassan da za a saya, da yawansu, da ƙarin farashi a kan kowane kilo, da wanda zai ɗauki asara idan dokar ta canza. Ko da kwangilar, a fara da ɗaki ɗaya ko gona ɗaya, a ga haihuwar zagaye biyu, a kwatanta adadin masu dawowa neman namiji da na gurguwa da na tsohon tsari, sannan a yanke shawarar sauran ɗakunan.